Aska Ɗaya a Shekara

Sada Maƙeri yana da shekara sittin da tara, kuma shi kaɗai ya rage a Sandamu da ƙauyukan kewayenta wanda ya iya ƙera askar wanzami, tun tana guntun ƙarfe har ta kai ga taɓa kan mutum. Maƙerarsa rumfa ce ta kara da tsohon kwano a bayan gidansa, a daidai wurin da mahaifinsa ya yi aiki har ya rasu. Abin da ke ciyar da shi yau gyaran fartanya ne da lauje da bakin garma. Aska kuwa guda ɗaya yake yi a shekara, ita ma ba ta sayarwa ba ce.

Ta Mati Wanzami ce. Tsakanin gidan Sada da gidan Mati akwai wata ma'amala da iyayensu suka ƙulla tun su biyun suna yawo ba wando. Maƙeri ya ba wanzami aska, wanzami ya yi wa maƙeri da mazan gidansa aski, kada kuɗi ya gitta a tsakani. Da iyayen suka kau, 'ya'yan suka ɗora a kai ba tare da sun zauna sun yi maganar ba. Don haka Sada bai taɓa biyan kuɗin aski ba. Amma in an faɗi haka a gabansa, yakan yi sauri ya ƙara da cewa bai taɓa yin askin kyauta ba. Bambancin nan a wurinsa ba ƙarami ba ne. Ya sani sarai ranar da gidan Mati ya daina buƙatar askarsa, ranar ya zama tsohon da ake aske wa kai don tausayi, kuma ya daɗe yana jin tsoron zuwan ranar.

In an gama girbi, manoma sun rataye fartanyoyinsu, aiki ya yi sauƙi, sai ya shiga Daura wajen masu tsofaffin ƙarafa ya zaɓo sifirin ɗin mota. Ba kowanne yake ɗauka ba, sai ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa. Ya dawo ya yanki guntu da kurfi, ya sa a wuta. Da gawayin ƙirya ya saba, amma ƙirya ta yi wuya yanzu, abin da ya samu da shi yake yi. Masaba ta baje ƙarfen, muntalaga, 'yar ƙaramar guduma, ta daidaita shi, sannan ya binne shi a toka mai zafi ya kwana don ya yi laushi.

Daga nan ne aikinsa ya rabu da na sauran maƙera. Mahaifinsa ya bar masa wani ƙarfe da suke kira makankari a gidan. Tsohon magagari ne da aka goge haƙoransa, aka wasa gefe ɗaya, aka sa masa ƙota biyu, dama da hagu. Sada yakan maƙale askar a kan gungume, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya riƙe ƙotocin nan da hannu biyu yana turawa. Ƙarfen yana fita siri-siri yana nannaɗewa, kamar ana ferar rogo. Haka zai yi ta yi har jikin askar ya faɗa ciki kaɗan, bakin ya yi sirantar da dutse zai iya ƙarasawa. Sai ya mayar wuta, ya ba ta ruwa don bakin ya yi tauri, ya hau dutse. Yana cewa injin wasa ƙarfe ƙona bakin aska yake yi. Gaskiya ne, yana iya ƙonawa. Gaskiya ne kuma bai taɓa samun halin sayen injin ba, kuma babu wutar lantarki a rumfar. A damtsensa na hagu yake gwada kaifi, shi ya sa wurin ya daɗe ba gashi.

A da wanzamai daga Dutsi da Mai'aduwa da Zango sukan zo su zauna a bakin rumfar nan suna jiran askar aski, da ta tsaga, da ta kaciya. Ba rana ɗaya suka ɗauke ƙafa ba. Reza ta fara shigowa, mai arha, ba ta son dutse. Sai shagunan aski na inji suka kwashe samari. Daga baya ma'aikatan lafiya suka riƙa tara wanzamai suna yi musu bayanin ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini, suna cewa kowane kai da sabuwar rezarsa. Sada bai taɓa musun wannan ba. Ya ga mutanen da ciwon hanta ya kumbura wa ciki, ya raka gawarsu. Abin da ya sani kawai shi ne masu zuwa sun yi ta raguwa har suka koma Mati kaɗai, shi ma daga aska huɗu ko biyar a shekara ya koma ɗaya.

Duk Juma'a da hantsi Sada yakan wanke hannunsa da toka, ya taka zuwa zauren Mati. Can zai tarar da shi a kan buzu, zabira a gefe, yana wasa aska a fata.

"Maƙeri, zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashi," in ji Mati. "Sunkuya. Kai, wannan kan naka ai da masaba ya kamata a fara daidaita shi."

"Bi a hankali dai. Askar da ke hannunka ta fi ka daraja."

"Wace askar? Wannan da ko kabewa sai an roƙe ta?"

"To kawo in mayar da ita ƙusa."

"Bari dai in gama da kai tukuna. Ɗaga haɓa. Ka ci ƙosai ka bar mini mai a gemu, ni ne bawanka?"

Haka suke yi shekara da shekaru. Sada yakan rufe ido yana sauraren tafiyar askar a kansa. Daga sautin yake gane ko ruwan da ya ba ta ya yi daidai. Akwai abin da ya lura da shi tuntuni bai tambaya ba. Askar da ke aiki kullum cinyewa take yi a dutse, kafin shekara ta zagayo ta rame, a kawo ta gyara. Na Mati sun daina dawowa gyara. Ya bar abin a cikinsa, don tambayar da ka san amsarta ba ta da amfani.

Ɗansa Nu'uman, mai shagon walda a Daura, shi ne ya zo masa da abin da ya ɗan motsa shi. Wata ranar Lahadi ya zo gaishe su, ya tsuguna a bakin rumfa ya miƙo waya.

"Baba, dubi wannan. Wallahi ina gani na ce ga ɗan'uwanka."

Wani tsoho ne ɗan ƙasar Japan, zaune a ƙasa cikin wani ɗan ɗaki, ya maƙale aska a kan katako, yana tura wani ƙarfe mai ƙota biyu. Ƙarfen askar yana fita siri-siri yana nannaɗewa. Sada ya ajiye awartaki, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta dab da idonsa.

"Wa ya koya masa?"

"Su ma gado ne, Baba. Sen suke ce wa abin."

"Mayar da shi baya." Nu'uman ya mayar. "Ka ga yadda yake sa nauyin kafaɗa, ba ƙarfin hannu ba? Ya iya. Wannan mutumin ya iya." Ya ci gaba da kallo har hoton ya ƙare, sannan ya ce, "Wanzamai nawa ne a garinsu?"

Nu'uman ya yi dariya, ya ce ba lallai wanzamai ne ke saye ba. Ya ce irin waɗannan tsofaffi, yadda ya ji, daga wasu ƙasashe ake aiko musu a yi layi ana jira. Ya ce me zai hana shi ma a ɗauke shi a sa a waya, duniya ta gani. Sada ya ce shi ba ɗan wasa ba ne. Amma da Nu'uman ya dawo mako na gaba, ya tarar an share rumfar, makankari yana sheƙi da man gyaɗa, tsohon kuma ya sa hular da yake zuwa masallaci da ita.

An ɗauka, an sa. Mutane sun kalla da yawa. Nu'uman yakan kira da yamma ya karanta masa abin da suka rubuta: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Allah ya sa a gama lafiya, ashe har yanzu akwai irin waɗannan. Wani ya tambayi ko yana yin wuƙar fawa. Wani ya ce yana son aska biyu zai rataya a falonsa, aka ba shi lamba, bai kira ba. Sada ya sayo sifirin fiye da yadda ya saba, ya jingine a kusurwa. Bayan 'yan makonni Nu'uman ya daina kiran yamma, shi kuma bai tambaye shi dalili ba. Sifirin ɗin daga baya ya tafi a bakin garma.

A ƙarshen daminar bara Mati ya faɗi a gona. Hawan jini ne, aka ce, ya taɓa masa ɓarin dama. Ya yi kwanaki a asibiti a Daura aka dawo da shi, baki ya ɗan karkace, hannun dama yana kwance a cinya. Sada ya je dubiya sau da yawa. Duk da haka, da aka gama girbi, ya shiga Daura ya zaɓo ƙarfe, ya yi askar shekara kamar yadda ya saba. Matarsa Haulatu ta leƙo ta katanga ta gan shi yana kankara.

"Malam, wa kake yi wa wannan? Mutumin da ko cokali sai an riƙe masa?"

"Gidan nake yi wa, ba hannun ba," ya ce, bai ɗago ba.

Ya naɗe ta a tsumma ya kai. Mati yana kishingiɗe a zaure, ɗansa Musaddiq yana gefensa. Musaddiq magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shi ya gaji sana'ar, amma ta wata hanyar: yana da shagon aski a bakin titi, da inji da janareta da madubi, kuma shi ake kira askin suna yanzu, ya je da fakitin reza. Sada ya ajiye tsumman a kan buzu ya warware. Mati ya dubi askar, ya kai hannun hagu ya shafa bayanta da yatsa.

"Ta yi kyau, Maƙeri," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. "Ko kabewa za ta yanka."

Ya yi wa Musaddiq nuni da zabira, wai ya sa ta ciki. Musaddiq ya janyo, ya buɗe aljihun gefe, ya fito da wani ƙunshi don ya haɗa su. Ƙunshin ya warware a kan tabarma. Asake ne, sun fi goma, kowacce da man da aka shafa mata, bakinsu cike kamar yadda suka bar rumfa. Sada ya gane kowacce, ya san shekarar da ya yi ta. Guda ɗaya ce kawai ta ga dutse sosai.

Mati ne ya fara magana.

"Mutane ba sa yarda, Sada. Ko tsofaffin. Sai su ce in ɓare sabuwa a gabansu." Ya numfasa. "Kanka kaɗai ya rage mata. Kai kuma kanka ba ya cin aska."

"Na sani," in ji Sada.

"Ka sani?"

"Ni na ƙera su. Da suna aiki da sun dawo."

Ya taya Musaddiq naɗe su, ya yi wa Mati addu'ar samun sauƙi, ya tashi.

Ranar Juma'a da hantsi Musaddiq ya zo har rumfa da 'yar jakarsa, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce mahaifinsa ya ce kada Juma'a ta wuce ba a yi wa Baba Sada aski ba, kuma shi ya ɗauki wannan a wuyansa muddin yana raye. Ya shimfiɗa tawul, ya fito da reza a takardarta.

"Ina askar?" in ji Sada.

"Tana gida, Baba."

"Je ka ɗauko."

Musaddiq ya sunkuyar da kai. "Baba, in gaya maka gaskiya, ban taɓa aske mutum da ita ba. Ina tasowa reza na tarar a hannun mahaifina. In na yanke ka fa?"

"Ka yanke ni. Ubanka ya yanke ni ya fi a ƙirga kafin ya iya. Ga kai, ga dutse, ni zan nuna maka yadda ake wasa ta."

"To in na koya, Baba, wa zan yi wa? Kai kaɗai ne. Kuma in aka ji ina taɓa mutum da askar da ba a jefarwa, masu suna za su daina kirana. Ka san yadda gari yake."

Sada ya san yadda gari yake. Ya juya wani ƙarfe a wuta wanda bai buƙaci juyawa ba. Can ya ce, to, in ba aska, me shagon yake buƙata na ƙarfe? Ƙyaure? Sakata? Kujera? Shi zai yi, a ci gaba da yadda aka saba.

Musaddiq ya yi murmushin jin nauyi. "Ai Yaya Nu'uman ya yi mana duka, Baba. Har kujerar mai juyawa. Na biya shi tuni." Ya matso da tawul. "Don Allah ka bar maganar nan. Kai ubana ne. Ɗa ya yi wa ubansa aski har sai an ba shi wani abu?"

Magana ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Sada ya yi masa godiya, ya sa masa albarka, ya ce yau kansa yana ɗan ciwo, a bari sai wani makon. Wani makon Musaddiq ya dawo, aka ce Malam ya tafi gona. Na gaba ya tarar da shi yana tsakiyar aikin garma, wai ba zai iya tashi ba. Musaddiq ba yaro ba ne. Ya zo sau ɗaya bayan nan, ya gaishe shi kawai bai buɗe jaka ba, daga nan ya daina zuwa.

Gashi ya taru a kan Sada, fari fat, yana leƙowa ta ƙarƙashin hula. Mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa ganin gashin mako biyu a kansa ba. A masallaci wani ya tambaye shi ko lafiya. Haulatu ta gaji ta same shi bayan sallar azahar.

"Malam, ka dubi kanka kuwa? Kamar wanda ya fito daga jinya. Yaron nan ya bi ka har gida, ka wulaƙanta shi."

"Ban wulaƙanta shi ba."

"To me ya rage? Ka je ka biya shi mana, in kyautar ce ba ka so."

"Ba zai karɓa ba. In ma ya karɓa, Mati zai ji. Kina so in kashe shi da sauran kwanansa?"

"Ga asake ka iya yi, aske kanka."

Ya gwada, ba ta sani ba. Ya yi wata 'yar aska daga ragowar ƙarfe, ya jingina ɓallen madubi a gungume. Ya iya ƙera aska, bai iya riƙe ta a kan kansa ba. Ya yanki bayan kunnensa, jini ya ɓata masa wuyan riga, ya bari.

Har yanzu yana zuwa duba Mati, amma ba ranar Juma'a ba, kuma ba ya cire hula. Mati yakan dubi gefen hular ya kawar da ido, su yi hirar farashin gero da wanda ya rasu. Nu'uman ya ce zai saya masa injin aski mai caji, Sada ya ce ya bar kuɗinsa. Nu'uman ya kuma tambaye shi ko bana zai yi askar bayan girbi, tsohon ya ce Allah ya kai mu.

Juma'ar da ta wuce ya tashi da wuri, ya ce wa Haulatu zai shiga Daura neman gawayi. Ya hau babur, ya sauka nesa da shagon Nu'uman, ya bi ta bayan kasuwa har ya sami wani mai aski a ƙarƙashin rumfar buhu, baƙon fuska, wanda bai san shi ba. Ya jira mutum biyu suka tashi, ya zauna a benci, ya cire hula.

"Baba, an kwana biyu ba a sauke ba," in ji mai askin. "Saisaye ko ƙwal?"

"Ƙwal."

Mutumin ya ɗauko reza, ya ɗaga ta saitin idon Sada, ya ɓare takardar a gabansa. "Ka gani, sabuwa ce."

"Na gani."

Ya jiƙa masa kai da ruwan sabulu, ya fara. Hannunsa da sauri, bai yanke shi ko sau ɗaya ba, yana yi yana hira da maƙwabcinsa mai gyaran takalmi. Da ya gama ya jefa rezar a gwangwani, ya kaɗe masa kafaɗa. Sada bai san nawa ake biya ba, kuma bai so ya tambaya. Ya zaro abin da ke aljihunsa ya buɗe tafin hannu, mai askin ya zaɓi nasa ya bar masa saura. Ya mayar da hularsa, ya bi ta wajen masu gawayi ya sayi rabin buhu, ya ɗaura a bayan babur ya koma Sandamu kafin a kira sallah.